Filin Tambaya da Amsa: Takardar da Ke Cikin Kwalin Magani

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan daga karkarar Kano da Jigawa suka fito, kuma huɗu daga cikinsu sun haɗu a kan abu guda, wato gargaɗin da ake rubutawa a jikin magani da kuma takardar nan mai ƙananan haruffa da ake ninkewa kamar laya a cusa cikin kwali. Kamar yadda aka saba, an sakaya sunayen masu tambaya. Ina godiya ga masu kirana likita, amma aikina harhaɗa magunguna ne da miƙa su ta taga, saboda haka amsar da ke nan ba ta ɗauke wa kowa komawa wurin wanda ya duba shi ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim. Wata biyu da suka wuce na kai mahaifina babban asibiti, aka auna shi aka ce hawan jini ne, aka rubuta masa lisinofiril, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Bayan kamar mako uku sai ya kamu da wani busasshen tari marar majina da ke hana shi barci. Na warware takardar cikin kwalin na karanta, sai na ga an jera jiri, ciwon kai, tari, gudawa, matsalar ƙoda, kumburin fuska da harshe, har da ciwon hanta. Da na fassara wa Baba sai ya ce shi ba zai sayi cuta da kuɗinsa ba, ya ajiye maganin, yau kwana 12 ke nan, kuma tarin ya ragu. Don me za a rubuta wa dattijo magani mai wannan tarin illoli? Kuma shin na yi kuskure da na karanta masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da shi. Bari in fara da abin da ba ya jira: ka mayar da Baba asibiti cikin wannan makon a sake auna jininsa, ka riƙe kwalin maganin a hannunka, ka faɗa wa likita ranar da tarin ya fara da ranar da aka daina sha. Kada a ce za a rama kwanakin da suka wuce ta hanyar shan ƙwaya biyu ko uku a lokaci guda.

Karatun da ka yi ba laifi ba ne, hasali ma ina fatan a ce rabin masu karɓar magani a tagata suna yin haka maimakon su yar da takardar a bakin ƙofar asibiti. Inda aka samu tangarɗa shi ne an karanta wa Baba jerin a dunƙule, kamar duk abin da aka lissafa yana tsaye a zaure yana jiran sa. Ba haka ake haɗa takardar ba. Kafin a amince da magani sai an gwada shi a jikin ɗaruruwa ko dubban mutane, ana rubuta kowane ƙorafi da suka yi, sannan bayan ya shiga kasuwa a ci gaba da ƙara abin da aka ruwaito daga ƙasashe daban-daban, ko da a jikin mutum ƙalilan aka gani. Doka ce ta wajabta wa kamfani bayyana wannan, kuma shi ma kamfanin yana kare kansa ne daga ƙara a kotu, shi ya sa ya gwammace ya faɗi fiye da kima a kan ya rage. Wannan tsanani yana da asali. A 1957 aka fara sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus ta Yamma, mata masu juna biyu suka riƙa shan sa saboda laulayi da rashin barci, kuma kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa. Daga nan ne ƙasashe suka ɗaure dokokin gwaji da na gargaɗi.

Idan ka sake warware takardar, akwai yiwuwar ka ga ba a zuba illolin haka kawai ba, an kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni da lissafinsa a kai. Akwai waɗanda ke samun fiye da mutum 1 cikin 10, akwai waɗanda ba sa wuce 1 cikin 10, sai na 1 cikin 100, sai na 1 cikin 1,000, sai kuma na 1 cikin 10,000. Ka ƙaddara masallacin Juma'arku ya ɗauki mutum dubu, kuma dukkansu wannan magani suke sha. Abin da aka sa a rukunin 1 cikin 1,000 zai iya samun mutum ɗaya a cikinsu, yana kuma iya ƙarewa bai sami kowa ba. Da wannan lissafin ka fara fassara wa Baba, ina jin da hirar ta bi wata hanya.

Shi tarin da ya dame shi sanannen hali ne na lisinofiril da danginsa, yana cikin abubuwan da ake yawan gani, kuma ba alamar huhu ya taɓu ba ce. Maganin tari ba ya kashe shi, canjin magani ne ke kashe shi, yakan kuma lafa cikin 'yan makonni bayan an daina. Magungunan hawan jini iri-iri ne, likita zai iya mayar da shi kan wani, misali amlodifin, wanda shi kuma a jikin wasu yakan ɗan kumbura idon sawu. Abin da ya kamata ka riƙe da gaske a cikin jerin nan shi ne kumburin leɓe ko harshe ko maƙogwaro, domin yana iya toshe numfashi, kuma ya fi samun baƙar fata a kan sauran jinsuna. Wanda ya ga haka a jikinsa ya dakatar da maganin nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne. Haka kuma mace mai juna biyu ba ta shan wannan magani, don haka kada wata a gidan ta ce kanta na ciwo ta ɗauki na Baba.

Akwai abin da babu kamfanin da ke rubutawa a takardarsa, shi ne abin da ke samun wanda ya ƙi sha. An ce jiki magayi, to amma hawan jini yana daga cikin cututtukan da jiki ba ya ba da labarinsu a kan kari, mutum yana noma yana zuwa kasuwa, jijiyoyi da ƙoda da zuciya suna lalacewa a hankali, har ranar da za a tashi da safe a ga baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. A ganina tarin mako uku bai kai ya sa a bar dattijo kwana 12 babu kariya ba, alhali tafiya ɗaya zuwa asibiti ta isa a canza masa. Idan za ka yi masa magana kada ka nuna masa ya yi gardama, ka ce, “Baba, ashe tarin nan likitoci sun san da shi, kuma akwai wani maganin da ba ya sa shi, mu je a ba ka wancan.” Ka kuma roƙi ma'aikacin da ya karɓe ku ya cika takardar rahoton illar magani ta hukumar NAFDAC, domin da irin wannan rahoton ne ake sanin yadda magunguna ke yi a jikin mutanenmu.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni matar aure ce daga wani ƙauye kusa da Birnin Kudu, ƙanina ne ya rubuta mini wannan. An ɗora maigidana a kan maganin tarin tibi, kuma tun ranar farko fitsarinsa ya koma ja-ja kamar an jiƙa zoɓo, har gumin jikinsa yana ɓata farar riga. Surukata ta ce jini ne yake zuba, a daina maganin a koma jiƙo. Babu takarda a cikin abin da aka ba mu. Me za mu yi?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar wa Inna da nata cikin ladabi. Abin da kuke gani launin magani ne. A cikin haɗin da aka ba maigidanki akwai rifamfisin, wanda shi kansa ja ne, kuma yana fita ta fitsari da gumi da hawaye da yawu ya rina su. Ba ya cutarwa, zai kuma ɗauke idan an gama sha. Da an faɗa muku wannan a ranar da aka miƙa maganin da ba ku tsorata ba, kuma wannan gazawa ce daga ɓangarenmu ma'aikata, ba daga gare ku ba.

Launin da za ki sa wa ido shi ne na ƙwayar idonsa. Ki riƙa duba farin idon da hasken rana, idan kika ga ya yi rawaya irin na shawara, musamman in ya haɗu da amai ko ƙin abinci ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to hanta ce ke kuka, a dakatar da maganin a kai shi asibiti a ranar. Haka nan idan ya ce ganinsa yana dishi-dishi ko ya kasa rarrabe ja da kore, domin ɗaya daga cikin magungunan, etambutol, yakan taɓa jijiyar ido. Idan kuwa tafin ƙafarsa ne ke zafi ko yake jin kamar ana tsira masa allura, wannan aikin aisoniyazid ne, akwai ƙwayar bitamin B6 da ake bayarwa dominsa, ba sai an tsayar da magani ba.

Batun jiƙo kuwa, ki roƙi Inna ta haƙura, saboda hantar da ke ɗauke da nauyin magunguna huɗu ba ta bukatar a ɗora mata saiwar da ba a san ƙarfinta ba. Maganin tibi na wata shida ne, wata biyu na farko da magunguna huɗu, sauran wata huɗun da guda biyu, kuma kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin gwamnati. Yawancin masu sha sukan ji sauƙi tun kafin wata na biyu ya ƙare, a nan ne kuma ake yawan yin sake a daina, cutar ta dawo da taurin da maganin farko ba ya iya mata. Ga sauran mata masu karatu, idan mace ce ke shan rifamfisin ta sani yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da kuma 'yar robar da ake sawa a damtse, sai ta sanar da ma'aikaciyar asibiti a sauya mata hanya.

Tambaya: Ni manomi ne kuma ina ɗan kiwo a yankin Ɗambatta. Da damina zazzaɓin cizon sauro ya kama ni, ma'aikacin asibitin garinmu ya ce in sha maganin da nono ko fura. Bayan wata biyu aka ba ni wani magani na ciwon ciki, sai aka ce kul na haɗa shi da nono. Wane ne ya yi kuskure a cikinsu? Kuma a farar ambulan ake zuba mana, babu suna, sai zane uku kawai.

Amsa: Babu wanda ya yi kuskure, Malam, magungunan ne halinsu ya saɓa. Maganin zazzaɓin da aka fi bayarwa yanzu, irin su Coartem, yana ɗauke da sinadarin da hanji ba ya tsotsar sa sosai sai da maiƙo, shi ya sa fura da nono ko abinci mai mai ke taimaka masa. Sau shida ake shan sa cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran kuma safe da yamma, kuma sai an ƙarasa ko da zazzaɓin ya sauka tun rana ta farko. Na biyun da aka ba ka, bisa bayaninka, zai yi wuya ya wuce sifurofuloksasin ko tetarasaikilin, kafson nan mai ja da rawaya. Su waɗannan sinadarin kalsiyam da ke cikin nono yana kama su a cikin hanji ya hana su shiga jini, sai mutum ya sha magani ya fitar da shi ba tare da ya yi aiki ba. A sha su da ruwa zalla, a bar awa biyu kafin a taɓa nono, kuma maganin ƙarin jini da ruwan maganin olsa mai kama da alli su ma haka suke yi musu. Tetarasaikilin kuma ba na mai ciki ba ne, ba na yaron da bai kai shekara 8 ba ne, domin yana rina haƙora har abada.

Ka ga dole na ce “zai yi wuya ya wuce”, saboda ba a rubuta maka sunan ba, kuma wannan ambulan ita ce babbar matsalarmu a karkara. Ana sayo magani a babban gwangwani mai ƙwaya dubu da takarda ɗaya tak, a riƙa ƙirga wa mutane, gargaɗin kuma ya tsaya a cikin kabad. Wani dattijo ya taɓa zuwa mini da gwangwanin madara cike da ragowar magungunan gidansa, farare da jajaye da kafso duk a cakuɗe, ya ce in zaɓar masa na ciwon gwiwa, ni kuwa da na yi shekaru a wannan aiki ban iya rantsewa a kan ko da rabinsu ba. Haƙƙinka ne ka tsaya a taga ka ce a rubuta sunan maganin da ƙarfinsa a bayan ambulan, a kuma gaya maka kwana nawa za ka sha da abin da in ka gani za ka dawo. Zane uku kuwa yana nufin a raba yini da dare gida uku, tazarar kamar awa takwas-takwas, kuma hanya mafi sauƙin riƙewa ita ce bayan sallar Asuba, bayan Azahar, sai lokacin kwanciya barci. Idan azumi ya zo kada ka tattara ukun tsakanin buɗa-baki da sahur da ra'ayinka, ka tambaya ko akwai makamancinsa da ake sha sau ɗaya ko sau biyu.

Haɗin da ake yi a kemis, inda mutum zai ce a haɗa masa na gajiya a ƙulla masa ƙwayoyi biyar a leda, ya fi ambulan haɗari, domin sau da yawa akan tara diklofenak da ibufurofen a ƙulli ɗaya, alhali aikinsu ɗaya ne kuma dukkansu suna cin bangon ciki suna wahalar da ƙoda. Mai shan irin wannan da ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, jini ne ke zuba a ciki, asibiti ya kama shi.

Tambaya: Ni uwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. An ba ɗana amoksisilin na gari wanda ake zuba wa ruwa, ya sha kwana biyar ya warke, ragowar na ajiye. Yanzu bayan wata guda ƙanwarsa ta kamu da mura da zazzaɓi. Ranar lalacewar da ke jikin kwalbar sai baɗi. Zan iya ba ta? Ba mu da firiji.

Amsa: Kada ki ba ta, Hajiya, ki zubar da shi. Ranar da ke gaban haruffan EXP tana magana ne a kan garin tun bai taɓa ruwa ba. Da zarar an zuba ruwa lissafi ya canza, yawanci kwana 7 ne, wasu kamfanonin sukan ba da har 14 idan a firiji yake, kuma wannan yana rubuce a gefen kwalbar da haruffan da sai an ƙura ido. Ban da haka, yawancin mura ba ta jin wannan magani, zazzaɓin yarinya kuma gwajin jini yake bukata don a san ko na cizon sauro ne, saboda haka ki kai ta a duba.

Zafi ma abin lura ne a ƙasarku. A jikin yawancin kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, alhali da bazara zafin Gumel da Maigatari yakan haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi waje turara. Ƙwayoyi da kafso a bar su cikin katinsu, a sa su a busasshen wuri can ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da murhu da hannun yara. Ruwan magani kuwa, idan babu firiji, dabarar tukunya cikin tukunya tana ragewa, wato a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da danshin tsumma a inuwa mai iska. Malamin nan na Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka domin adana tumatir da alayyafo, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Sanyinta bai kai na firiji ba, don haka ba ta ƙara wa maganin kwanaki, kuma ba a sa ƙwayoyi a ciki saboda danshi.

Idan an rubuta wa yarinyar farasitamol, ki auna da ɗan kofi ko cokalin da ya zo da kwalbar, wanda ke da zanen mil 5, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, kada kuma ya wuce sau huɗu a yini da dare. Ki sa wanda ya iya karatu ya duba miki jikin duk wani ruwan maganin mura ko na haƙori, saboda da yawansu akwai farasitamol a ciki, in aka haɗa biyun an ninka wa hanta kaya ba a sani ba. Asfirin kuwa ba a ba yara. Kwalin kuma kada ki yar sai magani ya ƙare, domin a jikinsa ne lambar rajistar NAFDAC take tare da lambar rukunin da aka sarrafa shi a ciki. Lokacin da gurɓataccen ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin ya lalata ƙodar yara a ƙasar nan tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, har 84 suka rasu, da suna da lambar rukuni aka bi sawunsa aka kwashe shi daga shaguna. Idan aka yi irin wannan sanarwa a rediyo, kwalin da ke hannunki ne zai nuna miki ko naki yana ciki.